Zahiri da Baɗini a Ƙirar Ƙaramar Mota: Nazari a kan Volkswagen Golf ta Farko da Zuriyarta

 

Mas'alar da nake nufin shimfiɗawa a gaban wannan majalisi ita ce sura da tsarin ƙaramar motar nan mai ƙofar baya, wadda murfin bayanta yake rataye a rufi, ana ɗaga shi gaba ɗaya tare da gilashinsa, ta yadda mazaunin fasinja da ma'ajiyar kaya suka zama ɗaki guda babu katanga a tsakaninsu. Na zaɓi Volkswagen Golf ta zama abin misali, domin tun daga 1974 ita ce mizanin da ake auna sauran irinta da shi a Turai, an kuma ƙera ta fiye da miliyan 35, sa'an nan da wuya mutum ya shiga tashar mota a arewacin Nijeriya bai ga ɗaya daga cikin zuriyarta tana lodi ba. Da'awata kuwa ita ce, kyawun Golf ta farko sakamako ne na lissafin cikinta, wato zahirinta ya biyo bayan baɗininta ne sau da ƙafa, kuma duk inda magadanta suka saki wannan tartibi, aibin bai ɓuya ba.

Zan yi aron wani ma'auni daga malaman usulu, aro kawai, ba don mota ta zama hukuncin shari'a ba. Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, daidai da 1388, ya kasa maslahohi gida uku a cikin littafinsa Muwafaƙat: larurai waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, da buƙatu waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, da kyautatawa wadda take ƙara wa al'amari armashi. Ya kuma gindaya sharaɗi cewa abin da aka kawo domin cikawa kada ya koma ya rushe asalin da ya zo cikawa. Wannan sharaɗi shi ne zan riƙe a hannu har ƙarshen magana.

Halin da aka haife ta a ciki

Kafin 1974 kamfanin Volkswagen na Jamus yana rayuwa ne, in an duba da kyau, a kan mota guda, wato Beetle, wadda Ferdinand Porsche ya tsara tun shekarun 1930, mai doron baya, injinta a baya, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba. Ranar 17 ga Fabrairu 1972 adadin da aka ƙera ya zarce 15,007,033 na Ford Model T, ta zama motar da aka fi ƙerawa a tarihi, alhali a daidai lokacin kasuwa ta riga ta fara juya mata baya. Dattawan da ke cikin wannan zaure sun san ta ido da ido, gama an fara harhaɗa ta a Ikko a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, kuma za su shaida cewa kafaɗar direba da ta fasinja kusan gogayya suke yi, ɗan wurin kayan da ke gaba ya yi tarayya da tankin mai da safaya, na kujerar baya kuwa inji yana yi masa ruri a ƙeya tun daga tashi har sauka.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Golf ba ta zo da bidi'a ba. Alec Issigonis ya riga ya kwantar da inji a gicciye a cikin Mini ta Ingila tun 1959, Renault 4 ta Faransa ta zo da ƙofar baya a 1961, Autobianchi Primula ta 1964 da Simca 1100 ta 1967 sun haɗa abubuwan biyu, Fiat 128 ta 1969 kuma ta tace tsarin inji da giya. Falalar Golf ta tarawa ce da tacewa. A 1969 shugaban kamfanin, Kurt Lotz, ya halarci bajekolin motoci na Turin a Italiya, aka ware motoci shida da suka fi burge ayarinsa, sai aka tarar huɗu daga ciki zanen mutum ɗaya ne, wani matashi mai suna Giorgetto Giugiaro, haifaffen 1938, ɗan gidan masu zanen fenti, wanda bai daɗe da kafa kamfaninsa na Italdesign ba a 1968. Da aka gayyace shi Wolfsburg, mazaunin kamfanin, a Janairun 1970, abin da ya iske shi ne Fiat 128 an wargaza ta ƙusa-ƙusa ana auna gaɓoɓinta, wanda ya nuna masa cewa Jamusawa awon ciki suke nema kafin komai. Motar ta fara fitowa daga masana'anta a Maris 1974, watanni kaɗan bayan rikicin mai na Oktoban 1973 ya sa kowane magidanci a Turai yana ƙidaya litar da yake ƙonawa, kuma kafin ƙarshen 1976 an ƙera miliyan guda.

Zahiri

Ga hujjar da na fi dogara da ita, kuma hujja ce ta awo wadda ba ta karɓar jayayya. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a Beetle milimita 2,400 ce, a Golf ma milimita 2,400 ce, babu ragi babu ƙari. Amma tsawon Beetle ya ɗara mita huɗu, na Golf kuwa ya tsaya a milimita 3,705, faɗinta 1,610, kuma duk da wannan gajarta cikinta ya fi yalwa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne, da aka kwantar da inji a gicciye tsakanin tayoyin gaba, giya a gefensa, sai hanci ya gajarce. Da baya ya wofinta daga inji, sai aka datse shi kusan a tsaye. Da aka kawar da kumburarrun murafun taya da matakalar gefe waɗanda suka cinye faɗin Beetle ba tare da wani ya zauna a cikinsu ba, sai bangon mota ya matsa waje har ya daidaita da tayoyi, duk faɗin ya koma hannun fasinja. Ashe siffar akwati da ido yake gani daga waje, siffar ɗakin da ke ciki ce aka lulluɓe da ƙarfe.

Da a ce aikin ya tsaya nan, da akwati kawai aka samu, kuma akwati ba ya sayuwa don kyau. Gwanintar Giugiaro tana cikin layukan da ya karya ƙarfen da su, salon da daga baya aka yi wa laƙabi da naɗaɗɗiyar takarda, wanda kuma ya bayyana a Scirocco da Lotus Esprit da suka fito daga hannunsa. Wanda ya tsaya a gefen motar da hantsi zai ga layi guda ya taso daga gefen fitilar gaba, ya ratsa ƙofofi a miƙe, ya dire a fitilar baya, haske ya kwanta a samansa, inuwa a ƙarƙashinsa, sai ido ya ɗauka motar ta fi haƙiƙaninta tsawo da ƙasa-ƙasa. Sai dai layin nan yana da wani aiki wanda duk mai gyaran bodi ya sani ko bai taɓa shiga aji ba: shimfiɗaɗɗen falle na ƙarfe maras kauri yana lotsewa da ɗan dannawa, yana kuma kaɗawa da ƙara in mota na gudu, amma da zarar an karya shi sai ya ƙage ya yi ƙarfi. Saboda haka karin da ya ƙawata gefen shi ne kuma ya ba da damar a yi amfani da ƙarfe mai sauƙi, har nauyin motar ya tsaya wajen kilo 800, ƙaramin inji mai lita 1.1 da ƙarfin doki 50 ya ishe ta. A nan ƙawa da larura sun zauna a kujera ɗaya.

Fuskar motar baƙin zirin roba ne a kwance daga gefe zuwa gefe, fitilu a cikinsa, tambarin kamfani a tsakiya, babu tulin ƙarfe mai walƙiya irin wanda motocin Amurka na wancan zamani suke taƙama da shi. Giugiaro ya zana fitilun gaba masu kusurwa huɗu ne, domin su yi daidai da na baya, amma kamfani ya ga masu da'ira sun fi araha, aka musanya. Ni a ganina, tsumulmular ma'aji ta yi wa mai zane alheri a wannan karo, gama waɗannan da'irori biyu su kaɗai ne zagaye a fuskar da ko'ina miƙaƙƙen layi ne, kuma su suka ba ta kamannin abu mai rai wanda yaro ma yake ganewa daga nesa.

Gaɓar da ta fi cancantar a daɗe a kanta ita ce ginshiƙin baya, wato fallen da ke tsakanin tagar ƙarshe da ƙofar baya. Masu zane da yawa a wancan lokaci sukan huda wannan wuri su sa ƙaramar taga ta uku, shi kuwa Giugiaro ya bar shi ƙarfe zalla, mai faɗi, ya gangaro daga rufi ya sauka a kan tayar baya kamar an dasa shi. Hikimar wannan tana bayyana in aka tuna cewa mota mai but na dabam tana da katanga a bayan kujera da kanta a ƙarƙashin gilashi, waɗanda suke ɗaure gefe da gefe, alhali mota mai ƙofar baya duk bayanta ƙaton rami ne, don haka tilas rufi da waɗannan ginshiƙai biyu su ɗauki nauyin hana bodi murɗewa in taya ɗaya ta faɗa rami. Ban da haka, ido yana karanta faɗin nan da ma'anar ƙarfi da aminci, na kujerar baya kuma yana samun wata 'yar sutura daga idon masu wucewa. Wannan ginshiƙi ya zama alamar gidan, ta yadda babu wata Golf da aka yi a cikin tsararraki takwas wadda ta rasa shi. Amma ba kyauta aka same shi ba. Direban da ya waiga ta kafaɗarsa yana son shiga titi ko komawa da baya zai tarar akwai wani yanki da ba ya gani, yankin da ya isa ya ɓoye mai keke ko mai babur sarai. Kuma in za mu yi hukunci da ma'aunin da muka aro, a nan ƙawa ta ɗan gutsuri haƙƙin larura, ko da yake ta biya diyya da ƙarfin da ta ƙara.

Akwai wasu aibobi biyu da ba zan rufe ba. Kusurwoyi masu kaifi ba sa shiri da iska, shi ya sa awon turjiyarta ga iska ya kai 0.42, lamba mai nauyi wadda magajiyarta ta 1983 ta sauke zuwa 0.34. Sa'an nan ƙofar bayan ta tsaya ne a saman fitilu, ba ta gangaro har bamba ba, sai mai kaya ya cicciɓi buhu ya tsallakar da shi wani dogon dokin ƙofa kafin ya dire.

Baɗini

Wanda ya buɗe ƙofa ya zauna a Golf ta farko, abin da zai fara ji shi ne haske. Kujerun a tsaye suke, ba a kishingiɗe ba, gama mutumin da ya zauna a miƙe yana cin tsawon mota kaɗan, rufin da ya tafi a miƙe har baya kuma ya bar wa na baya sararin kai. Ginshiƙan gaba sirara ne, gilasai manya, direba yana hangen kusurwoyin hancin motarsa duka biyu, don haka ya san iyakarsa a lungu ba tare da wani ya tsaya yana yi masa ishara ba. Allon gabansa ba shi da yawan magana: agogon gudu a cikin wani ɗan akwati daidai saitin ido, maɓallai ƙalilan manya-manya waɗanda yatsa yake bambancewa ko da dare, da 'yan sandunan da ake turawa hagu ko dama domin iska da ɗumi. A ƙananan samfura har fentin ƙarfe ana gani tsirara a wasu sassan ciki, kamfani bai ji kunyar haka ba.

Maganar ɗumi kada a raina ta don mu mutanen ƙasar zafi ne. A hunturun Jamus gilashi yakan yi hazo ko ƙanƙara har direba ya makance, kuma Beetle, da yake ba ta da lagireto, ɗuminta daga jikin salansa ake tatso shi, ba ya kuma isa yadda ake so. Injin ruwa na Golf shi ya ba da ɗumi tabbatacce, wanda a can yake cikin larurai.

A baya kuwa, duk abin da zai tare wuri an nema masa maɓoya. Tankin mai ya shige ƙarƙashin kujerar baya, safaya ta kwanta a ƙarƙashin daɓen but, tayoyin baya an haɗa su da wani ƙarfe guda mai murɗawa wanda yake kwance can ƙasa, ba ya kutsowa cikin ɗaki. Akwai wani ɗan faifai da ke rufe kaya daga idon mutane, an rataye shi da zare biyu a jikin ƙofa, in an ɗaga ƙofa ya tashi da kansa, in an rufe ya kwanta. Abu ne da bai kai a ambata ba don ƙanƙanta, amma a irinsa ake gane mai zanen da ya yi tunanin mutumin da hannayensa biyu ke riƙe da kaya. In kuma aka kifar da kujerar baya, motar iyali ta zama motar dako a cikin daƙiƙa kaɗan, wanda shi ne asalin dalilin wanzuwar wannan nau'i gaba ɗaya.

Ado na gaskiya bai shigo ba sai a 1976, tare da samfurin GTI mai ƙarfin doki 110 da gudun kilomita 182 a sa'a. Wadda ta tsara cikinta mace ce, Gunhild Liljequist, wadda ta koyi zanen tangaran kafin ta shiga sashen yadi da launi na kamfanin, kuma abin da ta yi kaɗan ne ƙwarai: ta lulluɓe kujeru da yadi mai gidan dara irin na mutanen Sikotilan, ta mai da kan sandar giya dunƙule mai ƙananan ramuka irin ƙwallon wasan golf, wanda ban da raha yana kuma kama tafin hannu. A waje aka zagaye baƙar fuskar da siririn jan layi. Iyakar abin ke nan, kuma ya wadatar, domin kamar yadda kowane tela ya sani, rigar da aka yanka daidai ɗan aiki a wuya ya ishe ta, wadda aka ɓata a yanka kuwa ko aska takwas ba ta ceto ta. An yi niyyar ƙera 5,000 ne kacal, aka ƙare da fiye da 450,000.

Zuriya

Ba zan bi tsararrakin ɗaya bayan ɗaya ba. Ta biyu, a ƙarƙashin mai zane Herbert Schäfer, ta sassauta kusurwoyi. Ta uku a 1991 ta bar fitila mai da'ira, ta kuma saukar da ƙofar baya har bamba. Ta huɗu a 1997, a zamanin mai zane Hartmut Warkuß, ita ce a ra'ayina ta fi kowacce fahimtar ginshiƙin baya. Ta farkon kuwa ta ƙi mutuwa, aka ci gaba da ƙera ta a Afirka ta Kudu da sunan Citi Golf daga 1984 har 2009. Abin lura shi ne girma: ta uku ta kai milimita 4,020, ta takwas 4,284 da nauyin da ya haura kilo 1,200, har ƙanwarta Polo ta 2017, mai milimita 4,053, ta fi Golf uku na farko tsawo. Ba zan kira wannan israfi kai tsaye ba, gama mafi yawansa dokokin kare rai ne suka jawo shi: hancin da zai lotse ya shanye karo, jakunkunan iska, ginshiƙai masu kauri da za su riƙe rufi in mota ta kife. Sai dai kaurin ginshiƙi ya rage gani, rage gani ya jawo kyamara, kyamara kuma ta buƙaci allo.

Ta ukun nan ita ce ta zama tamu, 'yar Kwatano, bayan ta gama aikinta a Turai, ita da doguwar 'yar'uwarta da aka fitar a 1993. Ku dubi yadda take fita daga tasha: mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, huɗu a baya, but cike da buhuna da jarkoki har sun tso waje, ƙofar baya a ɗage an ɗaure ta da igiya a jikin bamba, gindin mota ya kusa taɓa kwalta. Wannan shaida ce ga ƙirar, domin saukakkiyar ƙofa da shimfiɗaɗɗen daɓe su suka sa lodin ya yiwu. Amma kuma zalunci ne gare ta da waɗanda ke ciki. An yi ta ne domin mutum biyar, kowa da ɗamararsa. Nauyin da aka tara bayan tayoyin baya yana ɗaga hanci, ya rage wa tayoyin gaba kamun ƙasa, alhali su ne ke ja, su ne ke juyawa, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan birki. Buɗaɗɗiyar ƙofa kuwa, saboda iskar da ke juyawa a bayan mota mai datsattsen baya, tana zuƙo hayaƙin salansa zuwa cikin ɗaki, fasinja ya sauka da ciwon kai yana zargin rana.

A ta takwas, wadda ta fito a 2019, aka kai ga abin da sharaɗin Shaɗibi ya yi gargaɗi a kansa. Domin allon gaba ya yi sumul, aka share kusan dukkan maɓallai, aka mayar da ayyukansu cikin gilashin da ake shafawa, aka kuma sa wasu ziraran shafawa na sanyi da ƙarar rediyo waɗanda ba su da haske, ta yadda da dare direba ba ya ganinsu, yatsansa kuma ba ya jin komai, sai ya ɗauke ido daga hanya yana lalube. Abin da aka kawo domin ƙawata mazaunin direba ya koma yana cin asalin aikin direba, wato kallon gabansa. Koke ya yi yawa har kamfanin ya gyara a 2024, ya haskaka ziraran, ya mayar da maɓallai na gaske a kan sitiyari. Hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ita ma ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina, da fitilar haɗari, da oda, da abin share gilashi, da kiran gaggawa suna da abin taɓawa na zahiri kafin mota ta sami cikakken maki.

Waɗancan da aka ƙera tsakanin 2019 da gyaran suna nan da yawa a titunan Turai, kuma bisa al'adar kasuwa, in sun tsufa hanyarmu za su biyo. Tambayar da nake miƙa wa injiniyoyi da shugabannin makanikai da ke cikin wannan taro ita ce, motar da sanyinta da rediyonta da yawancin saitinta suke rataye a kan gilashi ɗaya, in zafin bazara da ƙurar hunturu suka kashe gilashin nan a Gusau ko Azare, a wane gareji za a gyara shi, kuma nawa ne kuɗinsa in an kwatanta da kuɗin motar kanta a lokacin?